Hasken da Ya Hana Gwaggo Shiga Jirgi

Ana idar da sallar asuba muka tashi daga Kano, ni da ƙanena, a tsohuwar motarsa wadda ba ta tashi sai an lallashe ta. Masu damuna da tambayar ina na shige kwana biyun nan, to ga amsarku: Haɗeja na je, na zarce har ƙauyukan Guri, na ɗauko gwaggona. Ku gyara zama, kun dai san ni ban iya taƙaita labari ba.

Bari in fara da abin da ya kai ni. Tun ina budurwa nake fama da ciwon ɓarin kai. Kafin ya sauka, wani ɗan haske ne yake fara min a gefen ido, yana ƙyalli yana karkarwa, ya yi ta faɗaɗa har ya cinye rabin abin da nake kallo. Ina tsaye gaban allo ina koyar da yara, sai in nemi rabin allon in rasa. Kwanakin baya likitar da take duba ni, wata 'yar Filato mai Hausar Jos da saurin dariya, ta ce ita da abokan aikinta suna ɗaukar hoton ƙwaƙwalwar mata masu wannan ciwo, suna neman gane abin da ya sa ya fi addabar mata. Na yarda aka ɗauki nawa. Da ta tambaye ni ko akwai mai irinsa a danginmu, sai na tuna Gwaggo tun ina yarinya, kwance a ɗaki mai duhu, ta ɗaure kanta tamau da ɗankwali, tana cewa ga shi nan yana walƙiya.

Gwaggo ƙanwar mahaifina ce, ita ce autarsu. A wani ƙauye a hayin kogi aka haife ta, aka kawo ta aure wannan gaɓar. Tana amarya, wata rana mijinta, wanda duk muke kira Malam, yana ƙetarar da ita ganin gida, sai hasken ya zo mata a tsakiyar ruwa. Ta dubi mijinta ta ga rabin fuskarsa babu. Ta miƙe a firgice, jirgin ya karkata, da ƙyar ya damƙo bakin zanenta. Tsofaffin gari suka zauna suka yanke cewa mutanen ruwa ne suke haska mata, kiranta suke yi. Malam kuwa ruwa ya taɓa cinye masa ƙane, don haka bai ja da su ba, ya rantse ƙafarta ba za ta ƙara taka jirgi ba. Yau an haura shekara talatin. Mahaifiyarsu ta rasu a hayi, sai labari aka kawo mata, ta yi zaman makokinta ita kaɗai a tsakar gidanta. Yayarta, Gwaggo Babba, ita ce mai ƙetarowa ta gan ta. To yanzu ƙafa ta ƙi, jiki ya yi rauni, kuma duk wanda ya fito daga can saƙo ɗaya yake kawowa: tana son ta ga Auta tun da sauran numfashi. Wannan ne ya hana ni sukuni, ba binciken likitoci ba.

Mun bi ta Gaya muka ɓulla Jahun rana tana ɗagowa. Nan muka karya da koko da ƙosai a bakin tasha. Ƙosan ya rame, kamar shi ma tsadar wake ta taɓa shi, amma mai suyar ta yi min gyara da ta ji na ce ni malamar makaranta ce, wai ta san halin da muke ciki. Ƙanena kuwa tun daga Wudil yake karanta min kuɗin mai, duk gidan man da muka wuce sai ya yi tsaki, har na ce masa in bai bari ba zan sauka in hau motar haya. Damina ta ɗauke amma ba ta tafi da korenta ba. An yanke gero an jingina dammuna a gonaki, an tsayar da riɗi yana shan rana, ga kankana tsibi-tsibi a bakin titi, masu ita suna ɗaga mana hannu kamar sun san mu.

Kafin idonka ya ga Haɗeja hancinka ya riga ya isa. Ƙamshin bandar kifi ne da tururin shinkafar da ake turarawa, su suke tarbar baƙo. Cikin gari adaidaita da babura sun cika hanya, kowa yana sauri, ba wanda yake kauce wa wani. A bakin kasuwar kifi muka tsaya cin abinci wajen wata dattijuwa, burabusko da miyar tarwaɗa, irin miyar da take sa mutum ya daina magana. Ina ci ina sauraren Hausarsu wadda na kusa mantawa, mai ɗan gishirin Barebari a cikinta, irin wadda mahaifina yake komawa kanta in ransa ya ɓaci. Na sayi sabulu da sukari da goro na tsaraba, muka kama hanyar Guri.

Ba mu kai ga ƙauyen su Gwaggo ba hanya ta ƙare. Ba wai ta lalace ba ne, a'a, shigewa ta yi cikin ruwa ba ta sake fitowa ba. Muka bar motar a wajen masu banda, muka shiga jirgin wani mai fito.

Jama'a, ban san yadda zan kwatanta muku fadamar nan in ta cika ba. Ruwan ya kwanta shiru, ba ka gane inda ya ƙare da inda sama ta fara. Goruba tana tsaye a ciki har ƙugu. Furannin bado sun buɗe farare, jirgi yana ratsa su suna rufe hanya a bayanmu kamar ba mu wuce ba. Sai mu shiga lungun kacala, ciyawar nan da ta fi mutum tsawo, duniya ta tsuke ta koma kore, ba ka jin komai sai ɗigar ruwa daga sandar mai fito. Sai kuma mu fito fili, ga masunta sun kwanta rub da ciki a kan manyan goruna suna yawo a hankali kamar masu barci. Wani Bafulatani yana ƙetarar da shanunsa, ba abin da kake gani sai ƙahoni da hantuna. Can nesa garken tsuntsayen jan baki ya tashi daga gonar shinkafa, ya murɗa, ya baje, ya sake haɗewa. Har ƙanena ya manta da kuɗin mai. Ni kuwa sai na ji ƙwalla ta taru min, don na tuna duk wannan a ƙofar gidan Gwaggo yake, kuma daga gaɓa kawai take kallonsa.

Sunan mahaifiyarsu aka sa min, don haka gwaggonnina Uwata suke kirana. Gwaggo tana hango ni ta yar da muciya ta rungume ni, tana faɗan me ya sa na rame. Bayan la'asar na sami Malam a inuwar zaure yana ɗinkin koma. Dattijo ne mai sanyin magana, ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. Na gaishe shi, na faɗa masa likita tana son ganin Gwaggo a Kano.

"Madalla," ya ce. "A bari ruwa ya janye, ku zo da mota har ƙofar gida."

"Gwaggo Babba fa, Malam? Ita ma za ta jira?"

Ya ci gaba da ɗinkinsa. Ni kuma kun san bakina ba ya mutuwa. Na ɗauki tsinke na zana a ƙasa abin da nake gani in ciwon zai zo min: rabin da'ira mai haƙora kamar na zarto. Daidai nan Gwaggo ta fito da kwanon fura. Ta tsaya cak tana kallon ƙasa.

"Uwata, wa ya nuna miki wannan?"

"Nawa ne, Gwaggo. Shi nake gani."

Ta ajiye kwanon ta durƙusa. Ta tambaye ni ko yana farawa ƙarami ya girma, na ce e. Ko in ya tafi ne kan yake sarawa, har amai ya zo, na ce e. Ko ya fi zuwa gab da al'ada, ta faɗa da ƙaramar murya, na gyaɗa kai. Malam ya ajiye komar.

"A Kano kike ganinsa? Akwai kogi ne a makarantar taku?"

"Malam, ko famfonmu ba ya kawo ruwa."

Bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallon zanen, sannan ya tashi ya tafi masallaci. Da safe na fito na iske shi a bakin gaɓa yana kwarfe ruwa daga jirginsa, ga wata igiya a naɗe a kafaɗarsa.

Da kansa ya ɗaura mata igiyar a ƙugu, ya ɗaura ɗaya bakin a nasa ƙugun. Gwaggo ta ce wai kamar akuya za a kai kasuwa. Ta sa ƙafar dama da bisimilla, ta zauna a tsakiya, ta haɗa hannuwanta a cinya. Da farko ba ta kallon ko'ina sai ƙafafunta. Da muka shiga cikin bado sai ta ɗago. Ta fara nuna min wurare da haɓa, a hankali, kamar mai tuna mafarki: nan da gonar wane ce, can akwai wata tsamiya da suke hutawa, wancan lungun da ba kacala, fili ne fetal. Ba abin da ya same ta har muka kai bakin hanya. Na roƙi Malam ya bi mu Kano ya ƙi. Ya ce shi da jirginsa suna nan.

A asibiti aka sa ta cire 'yan kunne da zobe, aka goge mata kwalli, don na'urar ba ta shiri da duk abin da ya danganci ƙarfe. Layar da aka ɗaura mata a damtse tun ranar da ta kusa faɗawa ruwa, ita ce ta ƙarshe. Ta kwance ta da kanta ta damƙa min. Aka toshe mata kunne, aka kwantar da ita, gadon ya zura ta cikin farin ramin nan. Ni da na san ƙarar abin sai addu'a nake, ina jiran ta yi ihu a fito da ita. Ina! Da aka fito da ita sai ta yi miƙa. Wai barci ya ɗauke ta, ta ji ana sussukar shinkafa a tsakar gidan Inna, mahaifiyarsu, taɓare suna sauka bi da bi, har ta so a ƙara mata lokaci.

Likitar ta zaunar da mu ta juyo mana allon kwamfuta. Gwaggo ta matso da fuskarta ta ƙura ido. Ta ce ashe haka cikin kai yake, kamar fadamarsu in ruwa ya fara janyewa, lungu-lungu, ko'ina da hanyarsa.

"Mama, ba ƙari, ba jini, ba abin tsoro," in ji likitar. "Shi kansa ciwon ba ya fitowa a hoto yadda kike zato, shi ya sa muke tara hotunan mata muna kwatantawa, har yanzu nema muke yi. Amma hasken nan mun san shi. Daga nan bayan kai yake tasowa, wajen da yake kula da gani, ya bazu a hankali, ya wuce. Mata da yawa suna ganinsa, har a garuruwan da ko tafki babu."

Gwaggo ta nuna allon da yatsa.

"'Yata, ki duba da kyau. Ba kowa a ciki?"

"Ke kaɗai ce a ciki, Mama."

"To zan iya shiga jirgi?"

"Ki shiga abinki. In ya fara, kar ki miƙe. Ki zauna a ƙasan jirgin, ki rufe ido, ki sha maganin da zan ba ki tun kafin kan ya sara."

Ta buga mata hoton a takarda. Gwaggo ta naɗe shi a cikin mayafinta, ta riƙe shi a ƙirji tun daga Kano har Haɗeja. Layar kuwa ba ta tambaye ni ita ba, ni ma ban tuna mata ba.

Malam yana nan inda muka bar shi. Masu banda suka ce bai koma gida ba, a rumfarsu yake kwana, rigarsa duk ta kama hayaƙi. Gwaggo ta miƙa masa takardar, ya riƙe ta a juye yana dubawa, ta karɓa ta gyara masa, ta faɗa masa abin da likita ta ce kalma bayan kalma. Sannan ta ce, "Malam, hayi za mu." Tun da nake ban taɓa jin ta yi masa magana haka ba, ba roƙo a ciki. Ya dubi ruwa, ya dube ta. Ya ɗauko igiyar ya ɗaura mata, ya ɗaura wa kansa, ya juya kan jirgin gabas.

Rana ta take, ruwan yana ƙyalli har yana kashe ido. Muka fita daga fadama muka shiga cikin kogin sosai, inda sanda ba ta taɓa ƙasa, Malam ya koma tuƙi da filafili. Muna tsakiya Gwaggo ta ce, "Ya zo."

Hannun Malam ya tsaya. Ruwa ya fara jan mu gefe. Wallahi na ji tsoro, har na fara zargin kaina da rigimar da na ɗauko. Gwaggo kuwa sai ta zame daga kan katakon ta zauna a ƙasan jirgi, ta karɓi magani ta haɗiye da ruwan gorata. Ba ta rufe idon ba. Ta ce shekara talatin tana gudunsa, yau sai ta kalle shi. Ta fara faɗa mana shi a hankali, ga shi nan ƙarami, ga shi yana buɗewa, fari ne da ɗan shuɗi, bakinsa yana rawa, ashe ma kyakkyawa ne. Sannan ta juyo wajen mijinta.

"Malam, rabinka ya tafi, amma ina jin numfashinka. Tuƙa mu."

Ya tuƙa. Hawaye yana bin gemunsa, bai sa hannu ya share ba, don hannuwan biyu suna kan filafili. Kafin mu kai gaɓa hasken ya wuce, kan ya fara sara mata, na taya ta ɗaure shi da ɗankwali.

Mun iske Gwaggo Babba a kan tabarma a ƙofar ɗakinta, ta zama 'yar mitsitsiya, sai idanu. Malam ya kwance igiyar daga nasa ƙugun ya tsaya a zaure, Gwaggo ta shiga tana jan ta a ƙasa ba ta ma sani ba. Ba su yi kuka da ƙarfi ba. Tsohuwar ta riƙa shafa fuskar ƙanwarta tana cewa Auta, Auta, ke ce a gidan Inna. Da suka natsu aka nuna wa Gwaggo Babba takardar, ni kuma na sake zana rabin da'irar nan a ƙasa ina yi mata bayani da zaƙewa irin ta malaman makaranta. Ta dubi zanen, ta miƙo yatsa ta ƙara masa haƙora biyu.

"Ni daga dama yake fara min," ta ce.

Gwaggo ta ɗago kanta da ke ɗaure.

"Yaya, ke ma?"

"Shekara guda bayan naki. Sau nawa ya same ni a tsakiyar kogin nan ina tahowa wajenki, sai in sunkuyar da kai in ce rana ce. Na ga abin da aka yi miki, Auta. Na ce in na buɗe baki ni ma a hana ni jirgi, to wa zai riƙa zuwa ya gan ki?"

Na zaci Gwaggo za ta yi fushi, don ni kam na yi. Da Gwaggo Babba ta faɗa tun tuni, da wataƙila an gane ba kira ba ne, da Gwaggo ta ga gawar mahaifiyarta. Amma kuma shirun nan ne ya riƙa kawo ta shekara da shekaru. Gwaggo kuwa ta sa hannu ta kwance igiyar daga ƙugunta, ta miƙo min ta ce in kai wa Malam. Sannan ta kwanta a tabarmar, ta ɗora kanta mai ciwo a cinyar yayarta, tsohuwar ta sa babban yatsa daidai inda yake sarawa ta fara danna mata, ba tare da an nuna mata wurin ba.

Mu uku muka dawo, ni da ƙanena da Malam, igiyar tana naɗe a ƙasan jirgi. Yamma ta yi, bado ya fara rufewa, balbelu suna komawa kan goruba. Na tambayi Malam yaushe zai je ya ɗauko ta. Ya yi tuƙi kaɗan kafin ya amsa.

"Ran da ta gaji da zama. Masu fito suna nan, ta san hanya."

Washegari muka kamo hanyar Kano da buhun shinkafa da kwandon banda a bayan mota, ƙanena ya koma kan karatun kuɗin mansa. Mun iso lafiya, alhamdu lillahi. Likitoci suna nan suna neman amsarsu, Allah ya ba su sa'a, ni dai na samo tawa a hanya. Mata uku a gida ɗaya muna ganin haske ɗaya, kowacce ta ɗaure kanta ta shige ɗaki ta yi shiru, har sai da na'ura ta shiga tsakani kafin mu tambayi juna. 'Yan'uwana masu wannan ciwo, ku je asibiti, amma kafin nan ku tambayi iyayenku mata da gwaggonninku abin da suke gani. Na kira likitar na faɗa mata akwai ta uku, sai dai ita ba za ta iya zuwa Kano ba. Gwaggo kuma har yau tana hayi.